Tela da Kekensa na Biyu

Tela ya fi shekara talatin yana taka keke, amma keken bai taɓa kai shi ko bakin ƙofa ba, domin na ɗinki ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, yana kallon bangon wata makaranta. A ciki akwai teburin yanka da ya sha almakashi har gefensa ya yi santsi, da madubi mai tabo a kusurwa, da taga guda wadda rana ke leƙowa ta cikinta da hantsi, ta kwanta a kan yadudduka. A cikin hasken nan ɓurɓushin zare ke yawo a hankali, ya hau ya sauka. Tela mutum ne mai yawan tafiya a zuci. Sau da yawa ƙafafunsa na aiki, hannunsa na tura yadi, shi kuwa hankalinsa ya bi ɓurɓushin ya fita ta taga.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi kuma ya soma yi masa wuya in ya hau matakala, likita ya ce zama ya yi yawa, jiki na neman motsi. Ba a jima ba sai ga Auta, ƙaramar 'yarsa, ta turo wani shuɗin keke cikin gida. Na mijinta ne, ya saya da ɗoki ya jingine.

"Baba, ga magani na kawo maka," in ji ta. "Mai giya ne."

Matarsa tana shanya a igiya, ta juyo da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. "Giya? Malam, duk ƙuruciyarka ba ka taɓa ta ba, sai yanzu da furfura?"

"Ta keke ake nufi, Mama."

"Na sani. Ita ma ai tana kayar da mutum."

Ta kuwa kayar da shi. A filin makarantar nan ya koya, ranakun da babu ɗalibai. Auta na riƙe da sirdi tana gudu a bayansa, tana haki tana dariya, tana cewa ya daina kallon taya. Ya sha ƙasa har ya gaji da kaɗe ciyawa daga wandonsa. Amma a hankali jikinsa ya gane abin da kansa bai gane ba, keken ya daina karkata.

Daga nan ya fara fita da sassafe, kafin ya buɗe shago. A hannun keken akwai wasu 'yan ƙarafa da ake dannawa da yatsa. Ya danna ɗaya, feda ta yi sakwaf kamar yana taka iska, ya ce a ransa wannan wasan yara ne. Ya danna ɗayan, ya sake dannawa, feda ta yi nauyi har sai ya miƙe tsaye kafin ta juya. "Yawwa," in ji shi, "nan aiki yake." A ganinsa abin da ba a sha wahalarsa ba ba ya kai mutum ko'ina, gudu kuwa sai da ƙarfi. Can ya bar giyar, bai ƙara taɓa ta ba.

Garin da yake gani da safe ba shi ne wanda ya sani ba. Ƙofofin kantuna a rufe, masu shara na tafe da tsintsiyoyinsu, ruwan da aka watsa a bakin titi yana ɗauke da guntun sama. Yakan so ya tsaya da tunaninsa a kan waɗannan abubuwa, sai dai gwiwoyinsa ba sa bari. Kowane taku sai ya cije leɓe. Keken na tafiya da jijjiga, ya yi gaba da ƙarfi, ya lafa, ya sake yin gaba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne mai burodi. Dattijuwa ce 'yar siririya, tana kai burodi kantuna a wani tsohon keke mai kwando gaba da baya. Kullum sai ta wuce shi. Ba ta miƙewa tsaye, ba ta haki, ƙafafunta ne kawai ke juyawa da sauri, a natse, kamar ba nata ba. In ta zo daidai da shi sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, maigida," ta bar shi da ƙamshin burodi mai zafi.

"Yau ma ta wuce ka?" Haka matarsa ke tambaya, tana shafa masa man zafi a gwiwa.

"Kekenta ne ya fi nawa kyau."

"To, Allah ya ba ka irinsa."

Da rana, in ya jingina da bango don ya ɗan runtsa, yakan ga titi ya zama doguwar atamfa da aka shimfiɗa har ƙarshen gari, shi kuma yana bi ta kanta yana barin layin ɗinki a baya, ba nauyi ba gajiya. Sai wani ya yi sallama da wando a hannu, ya farka gwiwa na zugi.

Ana haka labari ya zo masa game da mai agogo. Wannan amininsa ne, shagonsu na jingine da juna shekara da shekaru, kofi ɗaya suke shan shayi da shi. Da idon mai agogo ya fara dusashewa ɗansa ya rufe shagon, ya ɗauke shi zuwa gidansa, can bayan tudun da ya tokare gabashin gari. Yanzu an ce ganin ya tafi gaba ɗaya, kuma ya daina fitowa daga ɗaki. Akwai motar haya da ke zuwa can. Amma Tela ya ƙudura a ransa da ƙafarsa zai je, a kan kekensa, don ya samu abin da zai ba mutumin dariya da shi.

Tudun bai ba shi fuska ba. Ya taho da ƙarfinsa, ya miƙe tsaye, ya danna da duk nauyin jikinsa. Kafin ya kai rabi feda ta ƙi juyawa, kamar an daskarar da ita. Ya sauka da kyar, ƙirjinsa na bugawa, ya turo keken zuwa inuwar wata bishiya. A ƙarƙashinta wani mai gyaran keke ya kafa rumfa, tayoyi na rataye a reshe, ga kwanon ruwan da yake neman huji da shi.

"Baba, zauna ka huta," in ji mai gyara, ya tura masa benci. Ya dubi bayan keken, ya dubi Tela. "A wannan giyar ka taho?"

"A ita nake tafiya kullum."

"Kai! Ashe kai jarumi ne. Ni ko an ɗora mini bindiga ba zan iya ba."

Mai gyara ya kifa keken, tayoyi sama. Ya nuna masa wasu faifai masu haƙora a jikin tayar baya, jere daga babba zuwa ƙarami. Yana juya feda da hannu yana danna ƙarfen nan, sarƙa na tsalle daga wannan faifai zuwa wancan da 'yar ƙara, ƙas, ƙas.

"Ka ga ƙaramin nan, shi ne mai nauyi, a kansa kake zaune. Na gangara ne, ko in iska na bayanka. Babban nan kuwa shi ne mai sauƙi, na hawa. Tun kafin tudu ya kama ka za ka sauya, kana cikin juyawa, ka ɗan sassauta ƙafa. In ka bari sai ka maƙale, sarƙa ba za ta yarda ba."

"In na sa mai sauƙi ai ba zan yi gudu ba."

"Gudun a juyawa yake, Baba. Kai takawa kake yi, kamar mai kashe kunama. Ka bar ƙafa ta riƙa zagayawa da sauri, bugu ɗaya, kada ta yi sanyi kada ta haukace. In ka ji ta fara nauyi, ka rage giya. In ka ji kana tsalle a sirdi, ka ƙara. Matuƙar za ka iya gaisawa da mutum ba tare da numfashi ya yanke ba, kana daidai."

Tela ya zuba ido yana kallon tayar da ke ta juyawa ita kaɗai, wayoyinta sun narke sun zama hazo. Sai ya tuna yaran da ya koya wa ɗinki. Kowannensu da haka yake farawa, ya danna feda da ƙarfi, allura ta zabura, zare ya tsinke. Shi kuma yakan dafa musu kafaɗa ya ce su bi ta a hankali har ƙafa ta samu waƙarta. Ya yi dariya shi kaɗai.

"Me ya faru, Baba?"

"Ba komai. Na taɓa yi wa wasu wannan faɗan."

Ranar bai hau tudun ba, gida ya koma. Kwanakin da suka biyo baya a shimfiɗaɗɗen titi ya yi su, yana koyon yatsa da ƙafa. Da farko kunya yake ji, gani yake duk wanda ya kalle shi zai ce ga tsoho yana ta wutsil-wutsil ba ya zuwa ko'ina. Wani lokaci ya danna ba daidai ba, sarƙa ta yi kuka. Sau ɗaya ma ta zame, ya koma gida hannu baƙi ƙirin, matarsa ta hana shi taɓa labule. Amma wata safiya, a kan titin da ke bin bayan kasuwa, ƙafafunsa suka faɗa cikin wani bugu da suka daɗe da sani. Jijjigar ta ɗauke. Bishiyoyi suka fara zuwa da kansu suna wucewa. Ya ji kansa ya yi sakayau, tunaninsa ya tashi ya bi wayoyin lantarki, ya sauka a kan wata tantabara, ya dawo, keken na nan yana tafiya. Bai ma lura da mai burodi ba sai da ya ji muryarta a gefensa, kuma ba ta wuce ba.

"A'a, maigida, an sauya keke ne?"

"Mahayin aka sauya," in ji shi, kuma maganar ta fito ba haki.

Suka jera har mararraba, ta karya kwana tana ɗaga masa hannu.

Ranar da ya koma tudun, sama ta yi lumshi, iska na ɗauke da ƙamshin ruwan da bai sauko ba. Tun daga gindin hawan ya fara ragewa, ƙas, ƙas. Ya zauna daram a sirdi. Keken na tafiya a hankali, amma ƙafa ba ta tsaya ba. Ya wuce rumfar mai gyara, wanda ya ɗaga sifana sama yana ihu. Ya wuce wani gida mai shuɗiyar ƙofa, da wata akuya da ta bi shi da kallo tana tuƙa. Zufa na bin bayansa, cinyoyinsa sun ɗau zafi, gwiwa kuwa shiru. Can sai titin ya kwanta, sama ta buɗe.

Bai taɓa sanin akwai ruwa a bayan tudun ba. Wani tafki ne shimfiɗe, fari fat kamar yadin da ba a sa wa almakashi ba, gidaje sun kewaye shi ƙanana ƙanana. Ya saki keken a gangara. Feda ta yi sakwaf, sai ya ƙara giya, ya ƙara, har ya kai mai nauyin nan da ta wahalar da shi. Yanzu ta yi laushi kamar man shanu. Iska ta cika masa riga. Ya ji wani yana ihu, ashe shi ne.

Ya samu mai agogo zaune a bakin gado, labule a sauke, ya rame.

"Wa ke nan?"

"Wanda ka tafi da kofinsa."

Mai agogo ya miƙo hannu, ya laluba fuskarsa, ya ji zufa. "Gudu ka yi? Wa ya biyo ka?"

"A keke na zo."

"Ka ɗauko keken ɗinki a ka?"

Sai da suka yi dariya har tari ya kama su. Tela ya ja shi waje don ya taɓa da hannunsa. Mai agogo ya shafa sirdi, ya bi ƙarfe har baya, ya tsaya a kan kariya, wurin ɗora kaya, ya girgiza ta ya ji ƙarfinta.

"Wannan za ta ɗauki mutum?"

Matar ɗan mai agogo ta fito daga kicin da sauri. "Baba, don Allah kada ku jawo mana magana."

Mai agogo ya ce, "'Yata, ki ce ba ki gan mu ba. Ni ma ai ban gan ki ba."

Titin bakin tafkin a shimfiɗe yake, ba kowa. Tela ya sa giya mai sauƙi, ya tashi a hankali, keken ya ɗan yi rawa kafin ya daidaita. Mai agogo ya rungume shi ta baya, ya kwantar da kunci a kan jiƙaƙƙiyar rigarsa. Suka yi nisa. Sai ya fara tambaya, Tela na amsawa: a dama ruwa ne, akwai kwalekwale biyu, akwai wata mata tana wanki, akwai fararen tsuntsaye tsaye da ƙafa ɗaya.

"Ina jin su," in ji mai agogo. Ya ɗaga kai, iska na taɓa masa gemu. "Mutumina, iya gudunka ke nan?"

Tela ya sassauta ƙafa, ya danna ƙarfen da yatsa. Sarƙa ta ce ƙas, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, yayyafi ya fara sauka a kansu.