Lomar Hannun Dama

Tunda na auri Malam Safiyanu, har zuwa bara, ban taɓa ganin ya ci tuwon dare a cikin gida ba. Ana idar da sallar magariba zai leƙo ya ce, "Zulai, ina kwanon?" Ya ɗauka ya fice ƙofar gida, inda shi da maƙwabta suke shimfiɗa tabarma su yi ciyayya. Kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a jere a tsakiya, a wanke hannu, a ci na wannan a koma na wancan. Haka ake yi a unguwarmu a Zandam. A nan ake yanke wa kowace mace hukunci a kan miyarta, mu kuma muna cikin gida ba mu da bakin kare kanmu.

A cikinsu akwai Ɗanbala, taubashin Malam, ɗan ƙanwar babansa. Wannan bawan Allah da baki aka halicce shi. Kullum sai na sa ƙashi mai ɓargo a miyar Malam, guda ɗaya tak, don shi nake so ya ci. Kullum kuma sai Ɗanbala ya kai hannu zai wafce, Malam ya buge hannun, a yi ta hayaniya har in jiyo daga madafa. Tsofaffi biyu da furfura da jikoki, suna kokawa a kan ƙashi! Ni kunyarsu nake ji, su ko a jikinsu.

Bara bayan girbi Malam ya faɗi a wurin alwala. Dama yana da hawan jini, maganin ne sai ya ga dama yake sha, na yi faɗan har na gaji. Aka kai shi Gwaram, daga can aka wuce da mu asibiti a Birnin Kudu, likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Allah ya taimake mu abin ya zo da sauƙi. Bakinsa ne ya fara dawowa, kuma abin da ya fara yi da shi gardama ce da ni a kan kunu. Ƙafa ta biyo baya, da sanda. Hannun dama ne ya ƙi. Ya dunƙule ya kwanta a cinya, ba ya ɗauka ba ya ajiyewa.

To nan fa ake yinta. Malam ya ce shi ba zai zauna a gaban mutane ya ci abinci da hagu ba. Liman da kansa ya shigo ya gaya masa cewa lalura ce, babu laifi a kansa. Malam ya ce, "Na ji, Allah ya gafarta Malam." Liman yana fita ya ce in saki labule. A ɗaki yake cin abin da zai ci, da cokali a hagu, baya ga ƙofa, bai fi ya taɓa ba ya ture kwanon. Mutum ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Da magariba kuwa idan ya jiyo ƙarar kwanuka a waje sai ya yi shiru ya ƙura wa bango ido. Wallahi wannan shirun ya fi ciwon tayar min da hankali.

Ɗanbala bai fasa ba. Kullum sai ya tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Wai amaryar gidan nan ba za ta fito ba ne? Ƙashi ya yi min yawa ni kaɗai!" Da can da Malam ya rama. Yanzu ko uffan.

A asibitin akwai sashen gashi, inda ake koya wa jiki motsi, ana ba mu ranar zuwa. Mu hau babur zuwa Gwaram, mu shiga mota zuwa Birnin Kudu. Likitar da take duba shi wata yarinya ce, Khuzaima, sa'ar 'yarmu Ummi, mai fara'a amma ba ta da wasa a kan aiki. Ran nan ta tambaye shi, "Baba, me ka fi so hannun nan ya yi maka?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, na ce, "Tuwo yake so ya ci a ƙofar gida."

Ya harare ni. Na zaci za ta yi dariya, sai ta ce, "To shi za mu sa a gaba."

Ta zaunar da shi a gaban tebur, ta kawo madubi ta tsayar a tsakanin hannayensa, fuskar madubin tana kallon hagu, hannun daman yana ɓoye a baya. Ta sa ya cire agogo da zobe. Ta ce ya daina kallon hannun hagun, ya kalli wanda yake cikin madubi, ya buɗe yatsu a hankali ya rufe.

Malam ya buɗe, ya rufe. Sai na ga ya tsaya cak. A cikin madubin ga hannun dama nan lafiya lau, daidai inda nasa ya kamata ya kasance, yana buɗewa yana rufewa. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Ga shi nan kuwa."

Khuzaima ta ce, "Baba, ba hannun ne ya mutu ba. Hanyar da saƙo yake bi daga ƙwaƙwalwa zuwa gare shi ce ta lalace. Idan ido yana ganin kamar yana motsi, ƙwaƙwalwa takan farka ta fara neman wata hanyar. Kana motsa na hagu, kana ƙoƙarin na bayan ya bi shi. Ba ni yi maka alkawarin komai ba, kowa da yadda yake karɓa, amma sai an yi kullum."

Komai yana tafiya daidai, har ta ce to yanzu ya yi kamar ya yanko loma ya kai baki. Malam ya janye hannu ya sa a aljihu.

"Da hagu? 'Yar nan, tun ranar da innata ta ƙwala min ludayi a kan wannan hannun ban sake kai shi baki da loma ba. Cokalin ma dole ce."

"Baba, ai babu tuwo, kwaikwayo ne."

"Kwaikwayon ma ba na yi."

Na ce, "Kin gani ko? Da shi nake fama." Khuzaima ta yi ɗan tunani, ta ce to a bar baki. A samo laka mai laushi, ya dinga yanko ta yana mulmulawa kamar loma yana ajiyewa a gefe. Ya ce wannan babu laifi, ai ba a hana hagu taɓa laka ba.

Da muka koma gida madubi ya zama aiki, don namu na hannu ko fuska ba ya cika ɗauka. Na tsaya ina kallon kabet ɗina. Madubin jikinta shi ne abin da na fi ji da shi a ɗakin nan, ko jikoki ba na bari su taɓa. Na kira kafinta ya kwance shi, ya yi masa ƙafa ta katako. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba.

Kullum da hantsi da bayan la'asar Malam ya zauna a gindin darbejiya, madubi a kan ƙaramin tebur, laka a akushi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ni ce nake zama ta bayan madubin, don haka ni kaɗai nake ganin hannun gaskiya. Shi yana can yana kallon na madubi yana ta aiki, ni ina kallon wanda yake kwance kamar babu shi. An daɗe ana haka. Har na fara cewa a raina an dai raba ni da madubina a banza. Sai wata la'asar na ga babban yatsa ya motsa. Dama Khuzaima ta ja min kunne cewa in na ga haka kar in yi magana, don kar ya ɗauke ido daga madubin. Na rangaɗa guɗa. Kaji suka watse, Malam ya kusa kifar da tebur.

Da yatsun suka fara buɗewa da kansu, Khuzaima ta ƙaro wani sabon abu. Ta ce hagun ya cika shisshigi, komai shi yake riga yi, daman kuma ya sami wurin lalaci. Don haka bayan aikin madubi a sa wa hagun safa mai kauri na ɗan lokaci, yana zaune, ya yi ƙananan ayyuka da dama: ɗaukar kofi, juya murfi, tsince wake. Ta kalle ni ta ce, "Mama, kar ki taimaka masa, ko ya yi fushi." Na ce wannan ba zai yi min wuya ba.

Ana cikin haka Yaya Mero ta zo daga Basirka. Ita ce babbar yayar Malam, ita ta goye shi, kuma har yau kallon yaro take yi masa. Ta shigo da ƙullin magunguna a ka, ta tarar da ƙaninta a gaban madubi, ga laka, hannun hagu cikin safa, yana fama da kofi da hannun da yake karkarwa, ni kuma ina gefe ina tankaɗe. Ta sauke ƙullin ta tafa hannu.

"Innalillahi! Zulai, duk zaman nan ba ki san hannun da ba shi da lafiya ba? Kin ɗaure mai lafiyar kin bar maras lafiyar a iska!"

"Yaya, haka likita ta ce."

"Wace likita? Kin dai juya maganar. Kuma dattijo da madubi kamar mai shirin biki?"

Kafin in buɗe baki ta zare safar ta zura wa hannun daman, wai ya ji ɗumi. Ta sa aka kawo tuwo, ta wanke hannu, ta yanko loma ta kai masa baki. "Buɗe, Safiyanu. Ina raye ba za ka wahala ba."

Ba a musu da Yaya. Ya buɗe ya karɓa. Na ga fuskarsa lokacin da yake haɗiyewa, na ji kamar in nutse. Washegari ya ce a ɗauke madubin, shi ya gaji. Jibi ma haka.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a yi wa babbar yaya tsawa a gidan ƙaninta. Sai na durƙusa na ce, "Yaya, alfarma ɗaya. Ki zauna a wurin da nake zama sau ɗaya. In ba ki ga komai ba, da hannuna zan mayar da madubin jikin kabet, dama ina kewarsa." Ta ce to a gani. Shi kuma da ta ce ya zauna, ai dole ya zauna.

Ta zauna ta baya tana taɓe baki. Malam ya fara mulmula laka da hagu, ido a madubi. Can sai yatsun daman suka buɗe, suka nutsa cikin laka, suka yanko, suka dunƙule. Yaya Mero ta miƙe tsaye, goro ya faɗo daga bakinta.

"Kai! Sake in gani!"

Daga ranar na huta. Ita ta karɓi aikin, kuma ta fi ni rashin tausayi nesa ba kusa ba. Ita take sa masa safa, ita take korar jikoki in sun zo miƙa masa abu. "Ku bar shi ya ɗauka, hannunsa ne ko naku?" Har Malam ya fara tambayata a ɓoye wai yaushe za ta koma Basirka.

Daga laka aka koma tuwo na gaske, a ɗaki. Loma takan faɗi, miya takan zuba a riga, amma tana isa baki. Khuzaima ta ce ya isa ya gwada a waje. Ya ce tukuna. Haka ya yi ta cewa tukuna, har wata magariba Ɗanbala ya tsaya a zaure ya yi kiran da ya saba. Malam ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce, "Zulai, ina kwanon?"

Na zuba, na sa ƙashi mai ɓargo, na kai masa har zaure, maƙwabci ya karɓa. Ni da Yaya muka laɓe a bayan ƙyaure, ba kunya ba tsoron Allah.

Aka yi masa barka da fitowa, aka matsa masa wuri. Ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya kai dama cikin kwano. Lomar farko ta faɗi a tabarma. Ta biyu ta faɗi a cinya. Kowa ya sunkuyar da kai kamar ana zaman makoki. Wani ya turo kwanon kusa da shi a hankali. Wani har ya fara mulmula loma zai miƙa masa. Na ga Malam yana laluben sandarsa da ido. Na san in ya tashi yau ba zai sake fitowa ba.

Sai Ɗanbala ya miƙa hannu ta gabansa, ko kallonsa bai yi ba, ya kama ƙashin. "Tunda mai shi ba ya so."

Ban ga lokacin da hannun ya tashi ba. Na dai ji tas, sai ga yatsun Malam a wuyan hannun Ɗanbala, suna karkarwa amma sun riƙe.

"Sakar min ƙashina, ɓarawo!"

Ɗanbala ya saki. Ya tsaya yana kallon hannun da ya riƙe shi. Can sai ya goge ido da hannun riga ya ɗaga murya wajen zaure: "Zulai, wannan barkono naki ya yi yawa!"

Aka fashe da dariya, kowa ya koma kan tuwonsa, ba wanda ya sake kallon Malam. Loma ta uku ta shiga baki. Ya ci har ya suɗe yatsu, ya zuƙe ɓargonsa da ƙara don Ɗanbala ya ji.

Ni ko barkono ban sa a miyar ba, saboda hawan jinin Malam gishiri ma kaɗan na sa. Amma ni da Yaya a bayan ƙyaure, mu ma sai share ido muke yi.