Bandar Bana

Gimba ya kwance ƙullin a kicin ɗin Abdurrahman, a Birmingham. Tun safe ya hawo mota daga Manchester don karɓar saƙon da Abdurrahman ya kawo masa daga gida. Duk shekara mahaifinsa kan aiko masa da bandar tarwaɗa, wadda ya kama da hannunsa a kogin garinsu. Bizar Gimba ta kusa ƙarewa. Niyyarsa ya koma gida ya karɓi jirgin tsohon da tarunsa.

Ya ɗaga kifi ɗaya, ya shinshina, ya juya kansa. Babu gashin baki irin na tarwaɗa.

"Wannan ai na ƙanƙara ne. Na teku."

Abdurrahman, ɗan garinsu da ya dawo daga hutu, ya ci gaba da dama shayi.

"Ka ci kawai, malam. Kifi kifi ne."

"A ina Baba ya samo shi?"

"Ya ce kada in faɗa maka."

Gimba ya jira.

"A kasuwa ya saya, shi ya yi bandarsa da kansa. Kogin babu, Gimba. Tunda suke sako ruwan dam kaɗan-kaɗan, ciyawar kachala ta toshe bakin reshen kogin da ke zuwa wajenmu, ruwan ya bi wata hanya. Inda kuke kafa taru yanzu tifa ke ɗibar yashi. Jirgin yana kife, awaki na kwana a ƙarƙashinsa."

"Baba fa?"

"Gadi yake yi a gidan mai."

Gimba ya mayar da kifin, ya ɗaure ƙullin yadda ya same shi. Ya sha shayin bai ji ko da sukari ba.

Da la'asar ya sauka a Longsight, unguwarsu a Manchester. Ana yayyafi. Ya sayi katin waya a shagon Bafakistane, ya kira lambar maƙwabcinsu, ya tsaya har aka kai wa tsohon wayar.

"Saƙo ya iso, Baba."

"Madalla. Ka ɗanɗana?"

"Na ɗanɗana."

"Yaya?"

Bas ta wuce, ta watsa masa ruwa a wando. Bai matsa ba.

"Kamar kullum."

 Ta bayan tsohon, Gimba yana jin ana cika wa wata mota tanki.

"Ruwa ya yi albarka bana," in ji tsohon. "Ina iyawa ni kaɗai. Kada ka yi gaggawar dawowa."

"To, Baba."