Gwaggo Mai Tulu Ta Yi Farin Jini

Munzali yana da shagon sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwar Daura. In ka cire ranar da yake zuwa Mai'aduwa cin kasuwar shanu, da wuya ka je bayan la'asar ba ka tarar da shi kan benci a gindin darbejiya ba, kai a sunkuye, manyan yatsunsa biyu na rawa a kan waya. Wasan yaƙi yake bugawa. Kowane ɗan wasa zai zaɓi kati takwas, kowane kati da irin mayaƙinsa, sai a haɗa shi da wani, na Kano ne ko na can wata uwa duniya, su yi ta turo wa juna dakaru har ɗaya ya rushe hasumiyar ɗaya.

Sunayen katunan na Turanci ne, amma 'yan majalisar da ke zama tare da shi a gindin darbejiyar sun raɗa musu nasu. Akwai Giwa, akwai Shaho, akwai 'Yan Tauri. Sai wata tsohuwa mai tafiyar hawainiya ɗauke da tulu a ka, wadda in ta iso gaban abokan gaba take fasa tulun, mai ya malale, ƙafafunsu su yi nauyi. Ita suke kira Gwaggo Mai Tulu, kuma duk majalisar Munzali kaɗai ke saka ta a jerin katunansa.

"Don Allah ka bar tsohuwar nan ta huta," in ji Audi, amininsa, direban motar haya da ke jigila tsakanin Daura da Katsina. "Kafin ta iso tsakiyar fili na kai fasinja na dawo."

"Kai dai ka ji da Giwarka," Munzali ya ce. "Ni Gwaggo ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Gaskiyar magana tana ba shi kunya, sau da yawa ma. Amma yana son ta. Yana son yadda take zuwa a natse, da ƙarar fashewar tulun, da yadda abokin wasa ke rikicewa don bai saba ganinta ba.

A gida ma bai tsira ba. Ƙanwarsa Fadila, ɗalibar koyon aikin jinya, ta fi shi iya wasan nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke bibiyar wani shafi da ke nuna katunan da manyan 'yan wasan duniya suka fi sakawa. In ya shigo gaida mahaifiyarsu sai ta tare shi da waya a hannu.

"Yaya Munzali, zo ka gani. Giwa ce a sama, kusan rabin manyan suna saka ta. Gwaggonka kuwa sai da na yi ta ja har ƙasa kafin na ganta. Ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ta samu ba."

"To ai shi ke nan, tawa ce ni kaɗai."

Ana nan sai aka yi babbar gasar duniya ta wasan. Wata ranar Lahadi Munzali yana tsakiyar kasuwar Mai'aduwa, yana nuna wa wani makiyayi yadda zai ɗura wa maraƙinsa maganin tsutsa, wayarsa ta yi ta ruri. Fadila ce.

"Yaya, kana zaune ko kana tsaye?"

"Lafiya? Inna ce?"

"Inna lafiya lau. Gwaggo ce! Wanda ya ci gasar jiya, da ita ya ci. Ya haɗa ta da 'Yan Tauri, ya riƙa fasa tulun a gaban Giwa, Giwa ta kasa motsi. Duk duniya maganar ake yi!"

Munzali ya saki wata irin dariya har maraƙin ya zabura. Makiyayin ya dube shi da mamaki, ya tambaye shi ko haihuwa aka yi masa. Ya ce kusan haka ne.

Da ya dawo Daura sai ya tarar majalisa ta cika ta batse. Audi ne ya fara miƙewa ya kakkaɓe masa benci da hularsa.

"Ranka ya daɗe, zauna. Mun tuba, mun bi Gwaggo. Yanzu ina ake ajiye ta, a bayan hasumiya ko a bakin gada?"

Makonnin da suka biyo baya Munzali bai taɓa jin daɗin wasa kamar su ba. Samari suka riƙa zuwa shagon daga unguwanni daban-daban, wasu ma bai san su ba, su tsaya har ya sallami masu sayen magani sannan su miƙo waya ya gyara musu jeri. Wani mai shayi ya rantse ba zai ƙara barinsa ya sha shayi ba ƙwai ba. A shafin da Fadila ke dubawa kuwa, Gwaggo ta yi ta hawa har ta ture Giwa daga sama.

Daga nan abin ya fara ɓaci. Da yake kowa ya koma Gwaggo, sai manyan 'yan wasa suka fara saka wani kati da majalisa ke kira Guguwa, wanda ke ɗauke tsohuwar ya jefar tun kafin ta sauke tulun. Na ƙasa suka kwaikwaya. Munzali ya wayi gari duk wanda aka haɗa shi da shi yana da Guguwa a ɓoye, yana jiransa. Da ya sako Gwaggo, sai ya ga ta yi sama da tulunta. Ya yi ta faɗuwa, matsayinsa ya yi ƙasa fiye da inda yake tun farko.

"Da ba wanda ya san ta, ina cin abincina lafiya," ya ce wa Fadila wata safiya, yana zaune a tabarmar Inna yana shan koko. "Yanzu sun tona mata asiri."

"Manyan ma sun sake ta, Yaya. Yanzu Zomaye ake yi. Katuna masu sauƙi, ka yi ta sako su da sauri kafin Guguwa ta dawo hannun mutum."

"Ni da girmana in koma kiwon zomaye?"

Inna, wadda ba ta san kan zancen ba, ta ce ai kiwon zomo ba abin kunya ba ne, maƙwabciyarsu Barakatu ma tana yi. Fadila ta yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya sa ya sauko shi ne gasar da samarin Baure suka shirya tsakanin garuruwa, kowane gari mutum uku. Daura ta tsayar da Audi da Munzali da Fadila, wadda za ta buga daga gida tunda wasan ta waya ne. Munzali ya san in ya je da Gwaggo zai jawo musu faɗuwa, don haka ya ajiye girman kai ya zauna gaban ƙanwarsa. Ta koya masa, ba tare da tausayi ba.

"Ka yi sauri mana, Yaya! Kana tunani kamar mai zaɓen ragon layya. Sako, sako, sako!"

Yatsunsa sun saba da jira, ga shi yanzu ana so su yi gudu. Ya yi ta sakin zomaye a inda bai kamata ba, amma a hankali hannun ya fara faɗawa.

Ranar gasar Audi ya kwashe su a motarsa zuwa Baure, shi da Munzali da 'yan rakiya. A wata rumfar kallon ƙwallo aka yi, aka haɗa waya da babbar talabijin. Daura ta fitar da Baure, ta haɗu da Kwangwalam a wasan ƙarshe. Audi ya ci nasa. Sai Munzali da wani mai suna Hamma, ɗan kasuwar da ya kasa baro shagonsa, yake bugawa daga can bakin iyaka.

Wasan ya yi zafi. Hamma ya rushe masa hasumiya ɗaya, shi ma ya rama. Can sai dakarun Hamma suka daina fitowa. Zomayen Munzali suka shiga suka yi ta ɓarna ba mai tare su, hasumiya ta faɗi. Rumfa ta ɗauki ihu, Audi ya ɗaga shi sama. Amma 'yan Kwangwalam suka taso da waya a kunne, suna cewa layin Hamma ne ya tsallaka ya kama netwok ɗin Nijar, kamar yadda yake yi musu kullum, wasan ya yanke masa.

Alƙalin gasar ya ce doka dai ta ba Daura. Munzali ya sa aka sauke shi, ya gyara rigarsa.

"A'a. Ban ci mutum ba, bango na ci. A sake."

"Kai, Munzali!" Audi ya dafe kai. "Kofi a hannunmu!"

"In na ɗauka a haka ba zan iya shiga Kwangwalam sayar da magani ba. A ce masa ya matso cikin gari ya sami layi."

Aka jira Hamma ya hau babur ya matso, aka sake. A wannan karon ya lallasa Munzali sarai, ba wani uzuri. Munzali ya ajiye waya yana dariya, gumi na zuba, ya ce wannan bawan Allah yatsu goma sha biyu gare shi.

Saura wasan raba gardama, Fadila da gwanin Kwangwalam. Kowa ya zuba wa talabijin ido. Ba a ganinta, sai zomayenta da ke fitowa ta hagu da dama kamar an buɗe akurki. Ta ja hankalinsa gefe ɗaya, ya zuba duk ƙarfinsa a can, ta shige ta ɗaya gefen. Kafin ya farga an gama.

Munzali ya kira ta, ya sa wayar a amsa-kuwwa don ta ji ihun da ake yi.

"Kin ji? Duk naki ne!"

"Na ji, Yaya. Inna ta ce ku taho mata da rake, kuma kar Audi ya yi gudu."

Can da la'asar suna shirin tashi sai ga Hamma, ya rufe shago ya iso a kan babur, ƙura har gira, yana tambayar wane ne Munzali. Da aka nuna masa, ya kama hannunsa ya ƙi saki. Ya ce ba inda za su sai sun ci tsire, kuma shi zai zaɓi wurin. Audi ya duba rana, ya duba motarsa, sannan ya kashe inji.