Naɗin Bahago

Shekara talatin da ɗoriya Bahago yana gyaran rediyo da fanka a shago ɗaya, ba wanda ya taɓa kiransa Injiniya. Surukinsa kuwa, mijin autarsa, wata biyar kacal da buɗe shago a tsallaken titi, amma har masu tura baro sun laƙaba masa sunan. Shagon surukin ƙofar gilashi gare shi, da wata na'ura mai allo wadda koren layi ke rawa a cikinta. Mutane kan tsaya kallon layin nan ko ba su kawo gyara ba. Bahago ya juya bencinsa ya ba titi baya, sannan ya kafa madubin wata tsohuwar mota a bango, wai saboda ɓarayi.

Masu rediyo sun tsallaka, masu talabijin sun bi su. Abu ɗaya ne bai tsallaka ba, jitar Mai Jita, abokinsa tun suna samari. Tun ranar da aka sayi jitar nan mai aiki da lantarki, hannun Bahago kaɗai ke kwance ta.

Kunnuwa biyu gare ta a ƙarƙashin tsirkiya, haka su biyun ke kiransu. Kowane kunne maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar tagulla mai sirantar gashi. In tsirkiya ta girgiza, shi ke jin ta ya aika wa lasifika. To, kunnen da ke wajen wuya ne ya mutu, waya ta tsinke can ciki. Bahago ya warware ta kaf, ya yi kwana uku yana naɗa sabuwa, zagaye dubbai, har idonsa na ruwa.

Mai Jita ya zo gwaji. Ya tura makunni sama, kunnen wuya ya yi magana da murya mai kauri. Ya tura ƙasa, ɗayan ya amsa tas. Ya kawo shi tsakiya, inda biyun ke aiki tare, sai sauti ya zama kamar sauro a gwangwani.

"Bahago, wa ya shaƙe min ita?"

"Yatsunka ne suka tsufa."

"Yatsun nawa sai a tsakiya suke tsufa? Kai ma ka san duk kiɗana a tsakiyar nan yake." Ya ajiye jitar a kan benci. "Jibi ina da wasa. Gobe da la'asar zan dawo. In ba ta tashi ba, ka yi haƙuri, zan tsallaka da ita wajen ɗanka."

"Ba ɗana ba ne. Suruki ne."

"To, wajen Injiniya."

Wannan kalma ta fi komai yi masa zafi. Ya canja makunni, ya sake narka dalma a kowane mahaɗi. Ya ɗauko tsohuwar mitarsa mai allura ya auna kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne lafiya lau. Ya haɗa su, sauro ya dawo.

Washegari da rana autarsa ta shigo da kwanon abinci biyu, ta ajiye masa ɗaya. Bahago ya lura na mijinta ya fi girma.

"Auta, in kin je, tambayi mutumin naki. Ki ce wani ne ya ce, me ke sa sauti ya lalace."

Ta cikin madubi ya ga ta tsallaka, ya ga surukin ya saurara yana sosa ƙeya. Ba a jima ba ta dawo.

"Baba, ya ce a gaishe ku. Ya ce sautin mene ne, kuma me aka taɓa kafin ya lalace, kuma yaushe yake yi, yaushe ba ya yi."

"Na aika masa tambaya ɗaya ya aiko min uku! Karatun ke nan?"

"Baba, ai ku ma haka kuke wa mutane. Wanda ya ce muku rediyonsa ta lalace kawai, ba cewa kuke ya koma gida ya tambayo ta ina ke mata ciwo ba?"

"Ɗauki kwanonki."

Ta fita tana danne dariya. Ya zauna yana kallon jitar. Inuwar shagon ta fara ja zuwa tsakiyar titi. Ya auna abin a ransa kamar mai ciniki: ko jitar ta tsallaka a hannun mai ita, duk layi na kallo, ko shi ya tsallaka hannu rabbana, a ce tsoho ya je ganin 'yarsa. Ya lulluɓe jitar da tsumma, ya gyara hula, ya fita.

Surukin na ganinsa ya miƙe, ya rusuna, ya goge kujera da hannun rigarsa. Ladabin ma sai da ya ba Bahago haushi, don ya rasa abin da zai kama. Ya ƙi zama.

"Jita ce mai kunne biyu," ya ce, idonsa a kan koren layin. "Ɗaya ya mutu, na sake masa naɗi da hannuna. Kowanne shi kaɗai yana magana da kyau. In aka haɗa su sai murya ta tsuke, kaurin ya gudu. Na canja makunni, na auna, ba inda ya tsinke. Me na yi?"

"Baba, ai kun gama aikin da bakinku. Ta wane ɓangare kuka bi da naɗin?"

"Yadda hannuna ya saba."

Surukin ya saci kallon hannun hagun Bahago, ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

"Na kamfani ta dama suka bi, naku ya bi ta hagu. Shi kaɗai ba laifi, shi ya sa ba ku taɓa gani ba. Amma in suna tare, tsirkiya na motsawa ɗaya zai tura lasifika waje, ɗayan ya ja ta ciki a lokaci guda. Kamar mutum biyu ne a kan mota, wannan na turawa ta baya, wancan ta gaba. Ɗan abin da ya yi saura shi kuke ji. Ku jona mita a kowane kunne, ku ɗora sukudireba a kan maganaɗisun ku fizge. In allura ta yi dama a ɗaya ta yi hagu a ɗaya, shi ne. Sai ku musanya bakin wayoyi biyu na kunnen da kuka naɗa." Ya ƙara da cewa, "Mitarku mai allura ma ta fi nuna shi. Tawa mai lambobi sai tsalle-tsalle."

Wannan magana ta ƙarshe kaɗai Bahago ya ji daɗinta. Ya koma shago ya gwada. Allura ta yi dama, ta yi hagu. Ya musanya bakin wayoyin. Kwana uku na naɗi, gyaransa bai kai minti biyu ba.

Da la'asar Mai Jita ya zo, ya sa makunni a tsakiya, ya kaɗa. Murya ta cika shagon har gwangwanayen kusoshi na amsawa. Masu kallon koren layi a tsallake suka waiwayo.

"Yauwa! Ga matata ta dawo. Kai ka gano, ko an gano maka?"

Bahago ya kalli madubi. Surukin na tsaye a bakin ƙofar gilashi, Auta na gefensa tana kallonsa shi, ba ubanta ba.

"Ni na san abin da zan tambaya," ya ce.

Mai Jita ya yi dariya har da tari. "Shi ke nan. Ni zan riƙa kawo maka, kai ka riƙa tsallakawa. Ƙafarka ce za ta gaji, ba tawa ba."

Bayan ya tafi, Auta ta leƙo, ta ce mijinta na roƙon aron mita mai allura, yana so ya ga abin da idonsa.

"Mitata ba ta tsallaka titi," in ji Bahago. "Mai son gani ya zo nan, kuma ya zo da tambayarsa a shirye."

Ya sa mitar a aljihun benci ya kulle, sannan ya miƙa hannun hagu ya gyara zaman madubin.