Maganin da Ta Sa Aka Hana

Mai kemis ɗin ko karɓar takardar likitan bai yi ba. Farin mayafinta ya kalla, mai tambarin ƙungiya a kafaɗa, sai ya janye hannunsa kamar an miƙo masa garwashi.

"Ba ma ajiye shi, Hajiya. Tun da aka yi dokar nan."

Ta yi masa bayanin da ta gaji da yi tun safe. Mijinta ne a kwance, ciwon daji ya kai ga ƙashi, likita ne ya rubuta maganin, kuma dokar ba ta hana mara lafiya ba. Wannan kam ta fi kowa sani, don tana zaune a zauren majalisa ranar da aka karanta ta. Mutumin ya ce shi ma ya sani, maƙwabcinsa ma ya sani, amma ga shagon maƙwabcin can a garƙame, shi kuma yana hannun hukuma yana amsa tambayoyi. Ya yi mata wani murmushi na iya leɓe, ya ce ai kowa ya san Uwar Ƙungiya, Allah ya ba maigida lafiya.

Sai da ta fito titi ta gane. Ita da ta goge mayafin nan da sassafe, tana ganin shi zai buɗe mata ƙofofi, ashe shi ke rufe su. Duk wanda ya gan ta, ɗauka yake tarko aka turo ta ɗana masa. Ta rasa wanda za ta zaga.

Ba da wasa ta zama Uwar Ƙungiya ba. Autanta ne ƙwaya ta kusa kashewa. Sai da ta kai ya kwance kan keken ɗinkin ubansa ya kai wa masu sayarwa, daga baya aka tsinto shi a kwata bai san inda kansa yake ba. Tun daga ranar ta tara iyaye mata irinta, suka yi ta zarya gidan rediyo da ƙofar majalisa har muryarta ta dushe. Aka yi dokar tsaurara sayar da ƙwayoyin, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Auta ya warke, yanzu shi ke zaune a kan keken da aka fanso. Ba ta taɓa nadamar abin da ta yi ba, ko yau ɗin ma ba ta yi ba, wannan ne ma ya fi ba ta haushi.

Daga nan ofishin Honarabul ta nufa, ɗan majalisar da ya gabatar da dokar. Tun daga bakin ƙofa ta ga kanta a jikin bango, a fastar neman zaɓensa, tana ɗaga hannu kusa da shi. Hoton ya shiga ciki, mai hoton kuwa a benci aka ajiye ta. Can sakatarensa ya fito yana danna waya, ya ce Oga na taro, kuma gaskiya a wannan lokaci na kamfen bai kamata a ji sunansa kusa da maganin nan ba, 'yan adawa kunne suka kasa. Ya ba ta shawarar ta koma asibiti. Ta ce daga can ta fara, sun ce ɗakin maganinsu babu ko ƙwaya ɗaya. Ya ce to, sai addu'a.

A cikin bas ma maganar ce ta tarar, direba ya ƙure rediyo ana ta musu. Wani mai jaka ya ce shi a ganinsa har sigari a haɗa a hana, a huta. Kwandasta, da kara ɗaya maƙale a bayan kunne, ya ce in an hana sigari to a hana talauci tukuna. Wata mata ta ce duk siyasa ce, bayan zaɓe ba wanda zai sake tunawa. Wani dattijo ya ce shi dai Allah ya yi wa matan nan albarka, sun ceci 'ya'yan mutane. Kowa na da ta cewa, ba wanda ke da mara lafiya a gida. Ta juya kafaɗar mai tambarin wajen taga har aka zo inda za ta sauka.

Tun daga tsakar gida ta jiyo nishin mijinta. Mutumin da allurar keke ta taɓa huda masa yatsa ya zare ta ya ci gaba da ɗinki, yau shi ne ke cizon matashi don kada maƙwabta su ji. Ya buɗe ido ya dubi hannunta, ya ga babu komai, ya mayar ya rufe. Bai tambaye ta ba. Da ma ya yi mata faɗa, da ya fi mata sauƙi.

Auta ya biyo ta har madafa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza yatsunsa.

"Umma, na san inda ake samu."

Ba ta juyo ba.

"Kuma na ƙwarai ne. Daga ɗakin maganin asibiti ake fito musu da shi. Yanzu zan je in dawo."

Sai a nan ta dube shi. Ya yi ƙiba, idonsa ya washe, amma ta ga yadda maƙogwaronsa ya motsa da ya ambaci wurin, kuma ta san wannan haɗiyar yawun.

"Ƙafarka ba za ta sake taka wurin nan ba ina raye," ta ce.

"To haka za mu zuba masa ido?"

Kafin ta amsa, nishin ya sake tasowa daga ɗaki, wannan karon da sunan Allah a ciki, a karye. Ta daɗe tsaye riƙe da murfin tukunya, ba ta ma san ta ɗauka ba. Ta ajiye shi, ta shiga ɗakinta. Ta cire farin mayafin, ta ninke shi yadda tambarin zai koma ciki, ta tura ƙasan akwati. Ta jawo wani tsoho mai ruwan ƙasa da take zuwa cefane da shi, ta yafa har goshi.

Auta na nan inda ta bar shi.

"Ta ina ake shiga?"

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya ga fuskarta, ya fasa. A hankali ya kwatanta mata: bayan tashar mota, lungun masu faci, ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti. Da ta tambayi wanda za ta ce tana nema, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi laƙabin. Ta san shi. Ita ce ta taɓa kiran sunan nan a rediyo, gari duka yana ji.

Ta zura takalminta.

"Ka zauna wajen Babanka, kada ka matsa ko nan da ƙofa. In ya tambaya, ka ce na tafi kemis."