Kitson da Uwarta Ta Bari

Shugabar makarantar ta ja ni gefe tana magana ƙasa-ƙasa, sai ka ce sata 'yata ta yi. Wai kwarkwata ce a kanta, kada ta dawo aji sai an tsefe kitson an wanke.

Kitson nan uwarta ce ta yi mata, tana jingine da filo, kafin a mayar da ita asibitin da ba ta dawo ba. Tun daga nan yarinyar ba ta bari a taɓa kanta. Ƙanwata ta gwada, ta sha cizo. Ni kuwa na zuba ido, don ni ma ba na so a tsefe shi.

Na zaunar da ita a ƙofar ɗaki, mataji a hannuna, na kasa farawa. Turanci nake koyarwa, kuma idan na rasa abin faɗa sai in koma darasi. Uwarta ta sha yi mini tsiya a kan wannan hali.

"Mamana, kin san me Turawa ke ce wa kwarkwata? Laus. Tsohuwar kalma ce, tun kakanninsu ba su ƙetara teku zuwa tsibirinsu ba suke faɗarta. Har mutumin banza da ita suke zaginsa."

"Su ma 'ya'yansu suna yin kwarkwata?"

"Har 'ya'yan sarakunansu."

"To wa yake cire musu, Abba?"

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin nan ba, ko ranar jana'iza.

Da kanta ta sunkuyar da kai. Na fara tsifa, hannuna duk kaushi, ina ja tana cije leɓe. Layukan gaba a miƙe suke tsaf. Na bayan kunnen hagu ne ya karkace, inda hannun uwarta ya gaji, ta ɗaure bakinsa da baƙin zare don kada ya warware.

Yarinyar ta dafe shi. "Bar mini wannan ɗaya."

Na duba. Ƙwayaye ne jere a gindinsa, farare fat.

"Ba zai yiwu ba, Mamana."

Na kwance zaren, ta miƙo tafin hannu na saka mata. Ta jima tana kallonsa.

"Abba, ka iya mayarwa yadda yake?"

Ban iya ba.