Lita Ɗaya Zuwa Jiratawa

"Wannan ai akwatin ashana ne, Zuliha. Ƙanwata ba ta shiga wannan!"

Alhaji Sha'ibu ya faɗi haka yana dukan rufin 'yar ƙaramar farar motar da tafin hannu. Wata uku Zuliha na kewaya motar nan a garejin Ilyasu dillali da ke unguwar Zariya. Ƙofa huɗu ce da ta biyar a baya, in an kwantar da kujeru buhun zogale shida na shiga, kuma duk bakaniken da ke Maraɗi ya san cikinta. Zuliha ke kawo zogalen garkarta, lambunta da ke Jiratawa, kowace safiya, ta gaji da ganin ganye na yaushi tana jiran taksi.

Amma wanda zai saya shi ne yayanta, shi kuwa idonsa na kan wata baƙar katkat, babbar mota mai tsayin raƙumi.

"Yaya, in ka sai min waccan, wa zai riƙa ba ta mai? Gishiri zan saya ko isansi?"

"Mutane su ce Alhaji Sha'ibu ya sai ma ƙanwarshi kwanon sha?"

"To mu gwada," in ji ta. "A zuƙe tankin kowace, a zuba lita ɗaya. In tawa ta kai ƙofar garkata, ita zan ɗauka. In ba ta kai ba, na karɓi raƙuminka."

Alhaji na son gardama fiye da tuwo. Nan take ya amince. Ilyasu ya sa aka kawo tiyo aka zuƙe tankunan, aka sayo kwalba biyu na mai a bakin titi, kowace lita ɗaya, aka juye ma kowace ɗaya.

Alhaji ya shiga katkat ya kunna kilim mai sanyaya mota, ya danna oda sau uku, ya fice kamar an jefa shi. Zuliha ta sauke gilashi, ta cire takalmi don ta ji totur a tafin ƙafarta, ta bi hanya a hankali. Masu babur na wuce ta suna dariya. Wani mai amalanke ma har ya ɗaga mata hannu.

Ba ta yi nisa da fita gari ba sai ta hango baƙar katkat a gefen kwalta, mai ya ƙare, Alhaji tsaye a rana yana fifita da hula.

Ta sassauta totur. Alhaji mutum ne da buhu biyu na gero ba su kai shi nauyi ba. In ta ɗauke shi, mai zai ƙare. In ta wuce shi, kafin la'asar labari ya kai Tsibiri wajen gwaggonninsu cewa Zuliha ta bar yayanta a titi saboda mota. Ta taka birki.

"Bismillah, Yaya."

"Wuce abinki, zan kira direba."

"A ranar nan? Shigo don Allah, injin na ci."

Ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, babbar rigarsa rabi a waje. Motar ta karkata gefe guda, ta yi nishi, ta ja.

"Ba kilim?"

"Ga taga nan."

"Ki ƙara wuta mana!"

"Yaya, ka yi min shiru, ina lissafin gangara."

Suka wuce gonakin tattasai, suka wuce magudanar ruwan noman rani. Zuliha na hango bishiyar mangwaron da ke ƙofar garkarta sai motar ta yi tari sau biyu, ta mirgina kaɗan, ta tsaya. Saura taku ɗari, ba fi.

Ta kifa goshi a kan sitiyari. Shi ke nan, raƙumi ya zama nata.

Matan da ke tsinkar zogale suka miƙe suna kallo. Wata tsohuwa ta matso ta leƙa taga.

"A'a, Alhaji Sha'ibu ne? Kai ne mai ya ƙare ma a hanya? Ina babbar motar?"

Alhaji ya dubi tsohuwar, ya dubi mangwaron, ya dubi ƙanwarsa da ba ta ɗago kai ba.

"Da ba ki tsaya min ba, da ta kai ko?"

"Da har ta wuce."

Ya yi tsaki, ya fito, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya cire agogo ya jefa kan kujera.

"Riƙe sitiyari."

"Yaya, turawa ba ta cikin sharaɗi."

"Cewa kika yi ta kai ƙofar garka. Wa ya yi zancen injin? Saki birki!"

Ya kafa kafaɗa a ƙofar baya. Motar ba nauyi, sai ga ta tana tafiya sumul, mata na guɗa, Alhaji na haki yana faɗin, "Dama, dama! Za ki jefa ni kwalbati!"

Da hancin motar ya shiga inuwar mangwaro, Alhaji ya zauna a ƙasa ya zaro waya.

"Ilyasu, a yi takardun ƙaramar da sunan Zuliha. E, ƙaramar na ce. Kuma ka aiko a ɗauke waccan, da jarka cike, ba kwalba ba."